Rudun Kawu Illo

Ku da kuka san Kawu Illo na Dogarawa, kun san ba ya rabuwa da albasa ɗaya a aljihu. Ko gaishe shi ka yi, sai ya ciro ta ya sansana kafin ya amsa. Ranar ɗaurin auren yayata ma sai da liman ya jira shi!

Da na samu jami'a zan karanta tattalin arziki, sai ya kira ni gindin rudunsa, wato rumbun da yake ajiyar albasa.

"Rakiya, mi za a koya maki can?"

Na ɗauki kara na zana masa layuka biyu a ƙasa, sun gitta juna. Na ce idan kaya suka yi yawa, farashi sai ya faɗi.

Ya daɗe yana kallo. "Wanga ai almakashi na. Shekara ukku don shi? Jakina ma ya san hakanga, shi ya sa ba shi son zuwa kasuwar Galmi da rani."

Na ji haushi, wallahi, har yau ma ina ji.

Dokarsa ɗaya ce: idan aka cika rudu da bazara, ba a buɗe shi sai albasa ta yi wuya a kasuwa. Wani Alhaji ya taɓa tsallako iyaka da babbar mota, ya yini yana roƙo. Kawu ya sa yatsa a baki. "Alhaji, rage murya, barci sukai." Matarsa ma, Inna Hajo, sai dai ta sayi albasar miya a maƙwabta.

To, a shekarata ta biyu na faɗi jarrabawa, tallafin ɗalibai bai fito ba, mai ɗaki ya fitar mini da kaya. Na dawo gida Ƙonni na ce na bar karatu ke nan. Babana bai da abin mayar da ni. Lokacin bazara ce, sati ɗaya da cika rudu, albasa kuwa ko kyauta ba mai so.

Kwana biyu sai ga Inna Hajo a kan babur ɗin kabu-kabu, ko gyale babu. "Ku taho, kawunku ya haukace!"

Na tarar rudu a buɗe, ana loda buhuna.

"Kawu, wanga hasara ta! Ka jira wata huɗu mana!"

"Rudun yoyo shikai."

"Yoyo? Ko hadari ba a yi ba!"

"Ke ka karatun ruwan sama, ko ni ad da rudu? Tashi ki ɗaure kayanki, gobe Litinin."

Da kuɗin albasar nan na koma jami'a. Sai daga baya na tuna, ranar bai sansana komai ba kafin ya amsa mini.

Da na gama na kawo masa takardar digiri, ya juya ta, ya latsa gefenta da babban yatsa, ya kai hanci. "To, ba ta ruɓe ba," in ji shi. Iyakar yabon da na samu ke nan.

Bara ya rasu. Rudun yana nan tsaye, damina biyar ke nan ko ɗigo bai taɓa yi ba. Ya Allah, bawanka Illo ya yi mini ƙarya sau ɗaya. Ka yafe masa ita, ka sanyaya makwancinsa, ka buɗe masa ƙofar rahamarka ba tare da jira ba. Amin.