Abin da Mai Gyaran Wuta Ya Faɗa

Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi tana wankin zannuwan asibiti, a ɗakin nan na baya inda tururi ke hana mutum ganin na kusa da shi. Ta san jinin haihuwa, ta san na hatsari, ta san wanda ruwan sanyi ke fitarwa da wanda sai an jiƙa. Ba ta da yawan magana. Mijinta ya rasu tun ɗansu na rarrafe, kuma da hannun nan da sabulu ya cinye ta raini yaron har ya zama mai gyaran wuta.

Ranar da gari ya hargitse yana kan falwaya, yana haɗa wayar da iska ta tsinke. Bai ma san abin da masu zanga-zanga ke rerawa ba, harsashi ya same shi a ƙirji. Asibitinta aka kawo shi. Ta fito da kumfa har gwiwar hannu, ta ɗora kansa a cinyarta a baranda, don babu gado. Ruwa ya nema. Daga nan ya yi kalmar shahada sarai, har sau biyu, ya cika.

Gwamnati ta faɗi, wata ta hau. Sabbin suka shiga neman gawar da za su taka su ƙara tsawo, suka sami tasa. Aka sa masa suna Shahidin Ƙasa, aka zana shi a bango da hannu a dunƙule, shi da ko faɗan yara bai taɓa yi ba. Aka sassaƙa dutse a dandali, aka rubuta wai kalmarsa ta ƙarshe: “Ƙasata kafin raina.”

Ana saura kwana uku a buɗe dutsen, sakataren kwamitin bikin ya zo ɗakin wanki, ya toshe hanci da hankici.

“Mama, abu kaɗan ne. Ki hau mumbari ki ce da kunnenki kika ji ya faɗa.”

“Ba haka ya ce ba, ɗan nan. Kalmar shahada ya yi.”

Ya yi murmushi irin na masu lallashin tsofaffi. “Ai wannan kowa ma yana faɗa in zai mutu, Mama. Ba labari ba ne. Ƙasa na son abin da zai motsa jini.”

Abokiyar aikin Inna ta ɗago daga baho. “Jini kuma? Ga shi nan baho guda, ranka ya daɗe, in ka ga dama ka motsa.”

Inna ba ta yi dariya ba. Kowa yana faɗa? Ta ga mutum nawa a barandar nan da harshensu ya ƙi juyawa, ’yan’uwa na laƙƙana musu suna kallon sama? Ɗanta bai bar gādon gida ba, bai bar na fili ba. Abu ɗaya Allah ya ba shi ya tafi da shi, kuma ita kaɗai ce shaida. Shi suke so ta goge da bakinta, ta yi shaidar zur a kan mamaci, don mai girma sabon shugaba ya sami abin nunawa da yatsa.

“Zan zo,” ta ce.

Ranar aka zaunar da ita a kujera mai rubutu: Uwar Shahidi. Aka yi jawabi har rana ta take tsaka. Da aka miƙa mata abin magana sai ta riƙe da hannu biyu.

“Ni na riƙe kansa. Bai ambaci ƙasa ba. Aiki yake yi aka harbe shi. Ya nemi ruwa, sannan ya ce la’ilaha illallah.”

Dandali ya ɗauka baki ɗaya, don baki ya saba, har sojojin gadi. Mai girma ma leɓensa ya motsa kafin ya farga. Sai aka katse lasifika, aka kaɗa badujala.

Dutsen na nan da ƙaryarsa. Da shekara ta zagayo ba a aiko wa Inna ba. Wata mata aka samo, mai farin mayafi da saurin hawaye, aka ɗora a kujerar. Inna na ɗakin wanki aka ba ta labari.

“Su tambaye ta da wane kunne ta ji,” ta ce, ta matse zanen har ya yage.