Kaftanin Da Likita Ya Yaga

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in ba masu karatu labarin wani kuskure nawa. Abin ya faru ne a shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, jim kaɗan bayan an zaunar da mu a gida saboda ƙidayar jama'a. A lokacin ni tela ne a kasuwar Sabon Garin Zariya, na ɗan haura arba'in, ina zaune a Muchia da iyalina. Ban yi boko mai nisa ba. Karatuna na allo ne da na zaure, shi ya sa har yau da ajami nake rubuta awon mutane, a jikin wani kwali da nake ratayewa a bayan keken ɗinki.

Wannan kwalin ne ya haɗa ni da mutumin da zan ba da labarinsa. Bature ne, likitan dabbobi, yana zaune a Samaru yana aiki da masu binciken cututtukan shanu. 'Yan kasuwa suna ce masa Baturen Shanu, ni kuwa Likita nake kiransa. A ruga ya koyi Hausa, wanda duk ya ji muryarsa daga bayan shago sai ya ɗauka Bafulatani ne ya zo cinikin yadi. Ranar da ya fara zuwa ɗinki na auna shi ina rubutawa, sai ya tsaya yana kallon hannuna. Ya karɓi biro, ya rubuta wasu baƙaƙe masu kusurwa a ƙarƙashin nawa, kamar an jera ƙananan tubala, shi ma daga dama zuwa hagu. Ya ce haka mutanensa suke rubutu. Na tambaye shi waɗanne mutane, ya ce shi Bayahude ne, haifaffen Ingila.

Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. A wurin tafsiri nake jin sunansu, sai kuma a kasa-kasan wa'azi da ake sawa a bakin tasha. Na ƙare masa kallo, ban ga komai ba sai mutum mai sanƙo da kashin shanu a takalminsa. Daga nan duk ranar Alhamis in ya shigo cefane sai ya biyo bayan la'asar, ya zauna a bencina, in aika a kawo shayi, in yi ta yi masa tambayoyi. Na ji ba sa cin alade, suna yi wa yara kaciya tun suna jarirai, suna da wani azumi na yini da kwana ba ko ruwa. Asabar ba sa aiki, ko da yake ya ce in saniya tana naƙuda yakan tuƙa mota ya je, amma kada in gaya wa mahaifiyarsa. Maƙwabcina mai sayar da yadi yakan tsokane shi, ya ce Likita ai ka kusa, shahada kawai ta rage maka. Likita ya ce zai duba maganar ranar da maƙwabcin nawa ya fara auna yadi biyar ya cika biyar.

Da mahaifina ya rasu, shekara guda kafin husufin, Likita ya zo Muchia. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma cikin dattawan unguwa, ƙafafunsa sun ƙi naɗuwa amma bai nemi kujera ba. Ya ce Allah ya jiƙan Baba. Ya dawo ranar uku, ya sake dawowa ranar bakwai. Abin ya tsaya mini a rai, sai na yanko farar shadda na ɗinka masa kaftani kyauta, na yi wa wuyan aikin hannu da kaina. Ban taɓa yin ɗinkin da na so kamar wannan ba.

Da damina ta sauka a shekarar husufin, yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da mayaƙan kudancin Labanan. Rediyo ba ta mutuwa a layinmu. Da la'asar mukan taru a shagon mai gyaran talabijin mu ga ana zaro yara daga ƙarƙashin gini, ƙura ta rufe musu fuska. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau ban ga laifina a ɓacin ran ba. Laifina yana cikin abin da na yi da shi.

Alhamis ta zo, Likita ya yi sallama zai zauna, sai na ce masa ya ga abin da suke yi? Ya tambaye ni su wa. Na ce ku mana. Ya ce, Malam, shi dai makon nan a wajen Giwa ya ƙare shi yana yi wa shanu allura, bai san ya jefa wa kowa bam ba. Ya ce idan maganar abin da gwamnatin can take yi nake so, to in aika a kawo shayi mu yi ta, don shi ma ruwan wutar da ake yi a kan unguwannin mutane yana hana shi barci. Ya ƙara da cewa yana da ƙanwa da take aure a arewacin Isra'ila, ita da 'ya'yanta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke kwana saboda rokokin da ake harbowa daga ɗaya ɓangaren. Ni kuwa ban saurara ba. Na kwaso duk abin da na taɓa ji a bakin tasha na zuba masa: cewa su ne suka riƙe dukiyar duniya, cewa yaudara a jininsu take, cewa duk fitinar da ta tashi da hannunsu a ciki. Mutane suka fara taruwa, hakan ya ƙara mini ƙarfin baki.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in faɗa masa sunan mutum ɗaya cikin waɗanda suka ba da umarnin yaƙin. Ban san ko ɗaya ba. Ya ce watannin baya, lokacin rigimar tazarce, a wannan bencin ya ji ni ina sukar gwamnatin ƙasarmu har kumfa na fita, amma bai ji na ce laifin yana cikin jinin 'yan Najeriya ba, me ya sa nasa jinin kaɗai nake bincike? Sai na miƙe na ja bencin na shigar da shi cikin shago. Ya tsaya kaɗan, ya ce a huta gajiya, ya tafi.

Bayan kamar mako biyu na kai wa wani malamin jami'a ɗinkin biki a Samaru, a layin da Likita yake. Da zan wuce gidansa na ga ƙofa a buɗe har bango. Yana zaune a ƙasa a tsakiyar falo, ba takalmi, gemu ya tsiro masa. Kaftanina ne a jikinsa, a yage daga wuya zuwa ƙirji ta hagu, yagar ta ratsa tsakiyar aikin hannun nan. Tela ya san bambancin yagar ƙusa da yagar ganganci, wannan da hannu aka yi ta. Muka haɗa ido, ya ɗaga mini hannu. Na kau da kai na wuce. A raina na ce ya yaga kyautata ne don ya wulaƙanta ni, ya kuma buɗe ƙofa don kowa ya gani. Na koma kasuwa na ba da labari, na ce kun ga halin nasu ko.

Wadda ta warware mini ita ce wata dattijuwa Kirista 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar malamar firamare, maƙwabciyar Likita, wadda na daɗe ina yi wa ɗinki ina ce mata Mama. Ta kawo atamfar zumuntar matan cocinsu, tun kafin ta zauna ta ce ashe Malam haka kake, mutum ya yi rashin uwa ka wuce ta ƙofarsa ba ko sannu? Na ce wace uwa? Ta ce mahaifiyar Likita ce ta rasu a Ingila, su kuma ba sa jinkirta binnewa, kamar ku, kafin ya sami jirgi an riga an rufe ta. A al'adarsu wanda ya rasa uwa ko uba yakan yaga rigarsa ta wajen zuciya, ya zauna a ƙasa kwana bakwai, ya bar ƙofa a buɗe don masu ta'aziyya. Akwai addu'ar da ba ta yiwuwa sai da mutum goma nasu, a Zariya kuwa ina zai same su? Ta ce ita da mijinta suka riƙa zama da shi, sai wasu Fulani da suka zo daga ruga da ƙwaryar nono. Ta tambaye shi me ya sa bai yaga tsohuwar riga ba, ya ce mahaifiyarsa ta ga hotonsa da wannan kaftanin ta ce bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Mama ta ƙara mini da nata. Ta ce lokacin rikicin Kaduna a gidan wani Musulmi ƙanwarta ta ɓuya, kuma masu neman ta ba su san ko sunanta ba, sun dai san irin mutanen da ta fito. Ta ce ita a bakin mai shayi take fara jin irin wannan maganar kafin ta ga hayaƙi. Ta ajiye atamfar ta ce kada in matse mata hannu irin na wancan karon.

Kunya ta riƙe ni makonni. Na je wurin malamina a cikin birni da wata dabara, na tambaye shi hukuncin yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya, ina fatan ya ba ni mafaka. Ya sa na ba shi labarin tun daga farko. Da na gama ya ce tun ina yaro ya karantar da ni cewa ba a kama mutum da laifin wani, ko a wane shafi na ga an cire Bayahude? Ya ce in tashi in tafi, kuma kada in tsaya sayen tsaraba don in ɓata lokaci.

Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi na je Samaru. Kwanakin zaman sun wuce tuni, Likita yana kan kujera, amma na tuɓe takalmi na zauna a ƙasa. Na yi masa gaisuwar rashi, na roƙi gafararsa a kan abin da na faɗa a kasuwa da wanda na faɗa a bayansa. Can ya sauko ya zauna kusa da ni, ya ce ranar da na wuce ɗin ta fi maganar kasuwa yi masa ciwo, don da ya hango ni ya ɗauka ta'aziyya na zo. Sai kuma ya ce, Malam, sau uku fa na zo Muchia, wannan ɗaya ce, saura biyu.

Na ce ya ba ni kaftanin in gyara yadda ko shi ba zai gane wurin ba. Ya ce a'a. Yagar da aka yi don uwa ba a ɓatar da ita har abada. Bayan wata guda an yarda a kama bakin da manyan taku na allurar hannu, irin wanda muke yi don riƙe yadi kafin a hau keke, amma dole a riƙa ganin wurin. Da wannan sharaɗin ya miƙo mini shi.

A zuwana na biyu muka yi maganar yaƙin, har aka kira magariba ba mu gama ba. Ban sauka daga ra'ayina ba. Har gobe ina ganin abin da gwamnatin Isra'ila ta yi wa farar hula a Labanan zalunci ne, haka abin da Falasɗinawa suke gani, kuma na faɗa masa a fuskarsa. Wani wurin ya yarda, wani wurin ya ƙi, ya kawo nasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk zafin musun bai ɓata rai ba, don wannan karon ina cewa gwamnati ta yi kaza ranar kaza, sojoji sun yi kaza. Masu karatu, nan ne na gane inda na zame. Gwamnati tana da ofis da masu sa hannu, ana iya tuhumarta, ana iya sauke ta, in ta daina abin da take yi magana ta ƙare. Amma in ka ce laifin a jinin mutane yake, babu abin da za su yi su fita, har jaririn da aka haifa jiya ka haɗa da shi. Mu Musulmi mun san ɗacin wannan, mun ji yadda ake jingina mana aikin waɗanda ba mu taɓa gani ba. Ina gargaɗin 'yan'uwa, musamman masu zaman majalisa irina: in ranka ya ɓaci a kan abin da ka ji a rediyo, ka faɗi wanda ya yi da abin da ya yi, da ƙarfi ma in kana so. In ka ji bakinka ya koma cewa ai halinsu ne, ka tsaya ka duba wa ke zaune a bencinka.

Zuwa na uku bayan Sallah ne, na kai masa kaftanin. Na kama yagar da farin zare, taku manya-manya a karkace, ɗinki mafi muni da ya taɓa fita daga shagona. Ya sa shi, ya shafa wurin da yatsa, ya ce haka ake so. Ya ce uku ta cika, ba ya bina komai. Na ce to ranar Alhamis benci yana waje.