Ranar da Muka Ƙone Kaset-kaset ɗin Yaya Tanimu

Bana shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar yayana Tanimu, kuma har yau in na ce mawaƙi ne aka ce in kawo waƙarsa ɗaya, ba ni da ko guda. Mu muka ƙone kaset-kaset ɗinsa da hannunmu.

A Hayin Banki muka tashi, gidan ma'aikacin gwamnati. Da sarewa ya fara tun yana sakandare. Da ya kama aiki a ma'aikata sai ya sayo rikoda biyu a Babbar Kasuwa, daga baya ya ƙara da wata tsohuwar fiyano mai batir. Yakan ɗauki ƙarar ruwan sama a kan kwano da rikoda ɗaya, ya kunna, ya bi da fiyano a hankali ɗayar tana ɗauka. Sannan ya ɗora muryarsa can ƙasa-ƙasa, kalma biyar ko shida, yana jan su kamar mai lallashin jariri. Ba kalangu, ba 'yan amshi, ba sunan wani Alhaji. Baƙo sai ya saurara minti goma ya ce, "To, Malam Tanimu, yaushe za a fara waƙar?" Ni ma na yi masa wannan dariyar, Allah Ya yafe mini.

Washegarin sadakar uku, Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya tara mu da hantsi. Ya ce duk sanda aka kunna kaset ɗin nan zunubi ake aika wa mamaci har kabarinsa, in muna ƙaunarsa mu sauke masa nauyi. Da hawaye ya faɗa, na san ba mugunta ba ce. Amma ba wanda ya je ya tambayi malami, ba wanda ya ce a saurari ko guda tukuna. Aka zube kwali guda a tsakar gida, kowane kaset da rubutun hannunsa. Ni na ɗauko kananzir. Shekarata ashirin da huɗu, ba yarinya ba ce ni, kuma mayafina ya isa ya ɓoye guda biyu.

Yanzu 'yata Hauwa irin wannan kiɗan take kunnawa a waya in za ta yi karatu, na wasu Turawa, wai yana kwantar da hankali. Jikokin Baffa ma haka! Da Yaya zai gani, murmushi kawai zai yi ya ce a ƙara masa sauti. Ni ce abin ke ci wa rai.

Me ya rage? Hoto ɗaya, da haƙurinsa da kowa ke yabo saboda yabon ba ya cin komai. Makon jiya Hauwa ta ce, "Umma, ɗan rera mini yadda yake yi mana." Na buɗe baki. Waƙar tallan sabulu ta rediyon wancan zamani ce ta zo mini tsaf, har da amshinta. Ta Yaya ba ta zo ba.