Rasuwar Mai Famfon Wurin Ninkaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, Allah ya karɓi ranka, Mai Famfo, bayan gajeriyar jinya. Ni ban ji ba sai da aka riga aka kai ka makwanci. Na je wurin ninkaya na otal kamar kullum, mai gadi ya tare ni a ƙofa ya ce, "Baba, sai haƙuri, abokinka ya riga mu."

Likita ne ya tura ni can in riƙa taka ruwa saboda ciwon gwiwa, shekarar da na rasa uwar 'ya'yana. Yaran sun watsu, kowa da garinsa. Sai in wuni ban ji muryar kaina ba. Kai ka fara yi mini magana. Ka gan ni ina leƙen ɗan ɗakin nan mai gunji a bayan tafkin, ka ce, "Shigo mana, Baba, ba ya cizo."

A nan ka nuna mini yadda famfo ke zuƙo ruwa ta bututu, kwando ya tare ganye da gashi, farfela ta tura shi cikin tankin yashi, ya fito garau ya koma tafki. Ka ce in iska ta shiga bututu, injin zai yi ta ihu a banza har ya ƙone, sai an cika masa ciki da ruwa kafin ya ja. Na saurara ne kawai don kada hirar ta ƙare. Ka gane, amma ba ka taɓa nuna mini ba. Ka samo tsohon bokiti ka kife, ya zama kujerata.

Da injin ya ƙone, ruwan ya koma kore, manaja ya ce a rufe sai sabo ya iso. Ka san in na daina shiga ruwa ƙafafuna za su sandare. Ka kwance injin da hannunka, ka ba da ranar hutunka, har ya tashi.

Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, kai kaɗai ka lura ba na zuwa. Ka yi ta tambaya har ka gano gidana, ka kai ni asibiti. Kafin mu fita sai da ka ɗaure famfon kicin da ke ɗiga, kana faɗan wai ina ɓata maka suna.

An kawo wani a gurbinka. Mutumin kirki ne, yana gaishe ni, yana kulle ɗakin in ya shiga.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka da 'ya'yanka mata da ban taɓa gani ba, amma na san kowacce da halinta daga bakinka. Allah ya ba su haƙuri, ya zama gatansu. Ni ba dangi ba ne, don haka ba wanda zai zo yi mini gaisuwa. Ina roƙon Allah ya sa ni cikin waɗanda zai ba wa dangana.