Yadda Muka Baro Clacton a Motar Mai Fenti

Mun tashi daga Barking da sassafe, ko shayi ban sha ba. Mutanen masallacinmu ne suka ɗauki hayar babbar bas zuwa Clacton, wani gari a bakin teku, wai a kai yara su sha iska. Ni ba ni da yaro a ƙasar nan, kuma tun da aka rage mana kwanakin aiki a kamfanin shara aljihuna ya bushe. Saboda maƙwabcina na je, wani dattijo mutumin zangon Kumasi da kowa ke kira Baba. Tun rasuwar matarsa bai ƙara zuwa ko'ina ba sai masallaci da asibiti. Ya ce yana son ganin teku, na ce to mu je.

Hanya sumul take, gonaki kore shar dama da hagu, amma ba ka ganin mutum ko ɗaya a cikinsu. Ba mai tallar gyaɗa, ba shingen 'yan sanda. Na yi barcina.

Garin kuwa ba laifi. Iska mai sanyi, tsofaffin Turawa a kan kujeru sun zuba wa ruwa ido kamar suna jiran wani ya fito daga ciki. Kifi da dankali suke sayarwa ko'ina, da na ji kuɗinsa na koma wa shinkafar da na zo da ita. Baba ya naɗe wando ya sa ƙafa a ruwa, ya daɗe tsaye yana kallon teku. Na ƙyale shi.

Da la'asar ta yi muka tafi neman inda za mu yi alwala. Baba ba ya sauri, ni kuma a raina na ɗauka motar jama'a ba ta tashi a bar dattijo. Da muka dawo, wurin da bas ta tsaya wayam. Na kira shugaban tafiyar, ya yi ta salati yana ba da haƙuri, ya ce kowa ya zaci muna kujerun baya, kuma direba ya ce dokar aikinsa ba ta yarda ya juyo ba.

Sai a nan Baba ya gaya mini jakarsa tana cikin bas. Yana da ciwon suga, allurar da yake yi kullum da yamma tana cikin jakar, sauran kuma suna firjinsa a Barking. Ranar Lahadi ce, kemis sun rufe. Na ce mu je asibiti, ya ce shi ba zai kwanta a garin da ba wanda ya san sunansa ba. Muka je tashar jirgin ƙasa. Katinsa na tafiya kyauta da ake ba tsofaffi ba ya aiki a jirgin nan, nawa katin bankin kuma na'ura ta ƙi shi, na san dalili.

Muka taka zuwa bakin gari, inda titin London ya fara, muka tsaya neman wanda zai rage mana hanya. Yadda muka saba a gida haka muka yi: ka miƙa hannu, ka yi ta kaɗa shi sama da ƙasa. Wallahi Turawan nan sai su ɗago mana hannu suna murmushi su wuce, sun ɗauka gaisuwa ce. Wata tsohuwa mai jan keken cefane ta tsaya ta kalle mu, ta nuna mana yadda ake dunƙule hannu a ɗaga babban yatsa. Ta ƙara da cewa yanzu ba a cika tsayawa ba. Gaskiya ta faɗa. Ban ga laifinsu ba, ni ma da wuya in tsaya wa ƙarti biyu da ban sani ba. Baba dai leɓɓansa sun bushe, ya shanye ruwanmu duka, ya zauna a kan dakali yana cewa idonsa na ganin dishi-dishi.

Can sai wata farar motar kaya ta tsaya. Bature ne mai aikin fenti, zai koma Dagenham. Na yi masa bayani da ɗan Turancina, ya ce mu shigo. Ina buɗe ƙofa na yi arba da kare, ƙato baƙi, zaune a kujera ya zaro harshe.

Baba ya ja da baya. "Ɗan Kano, rufe masa mota. Ni ban taɓa zama da kare ba, yau ba zan fara ba."

"Baba, in wannan ta wuce ba wata."

"To ta wuce."

Baturen bai ji Hausa ba amma ya gane. Bai ɓata rai ba, ya sauko ya kai karen baya cikin gwangwanayen fenti da tsani, ya kulle. Muka shiga, ni a tsakiya.

Ba mu yi nisa ba karen ya fara kuka, irin kukan nan siriri mai taɓa zuciya, yana karce ƙarfe. Baturen ya ce tsoho ne, ba ya son duhu, tun yana ƙarami a kujerar nan yake zama. Na fassara wa Baba. Da muka wuce garin Colchester, sai ya taɓa ni.

"Gaya masa ya tsaya. Mu baƙi ne, mun zo mun tashi mai wuri daga wurinsa. Ba a yin haka."

Aka tsaya, aka dawo da kare. Tausayin na Baba ne, kayan kuma ni na ɗauka, don a cinyata ya kwanta, nauyinsa kamar buhun masara. Baba ya manne da ƙofa yana jan carbi. Karen ya miƙa kai ya ɗora a gwiwarsa. Na ga jikin Baba ya sandare, amma bai ture shi ba.

Baturen bai sauke mu a Dagenham ba. Ya dubi fuskar Baba, ya ce in nuna masa gidan. Har ƙofar gida ya kai mu rana ba ta faɗi ba, ya kama wa Baba hannu a matakala. Na buɗe firji, Baba ya yi allurarsa, muka zauna har numfashinsa ya daidaita. Kafin in fito yin godiya mutumin ya ja motarsa, ko sunansa ban tambaya ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Kada ka bar maganin tsoho a mota, kada ka zaci direba a ƙasar nan zai jira ka. Sannan na daɗe ina cewa mutanen nan sun fi son kare da mutum. Na daina faɗa, don a gabana ɗayansu ya kulle nasa a duhu saboda wani tsoho da bai sani ba.