Hannuwan da Suka Kai wa Kurame Tatsuniya

Kowace safiya, kafin ta ɗauki jaka, Malama takan zuba ruwan ɗumi a roba ta tsoma hannuwanta. Sai yatsun sun saki sannan ta goge, ta shafa man zafi, ta kama hanyar makarantar kurame. Ɗalibanta da hanci suke jin isowarta tun tana bakin ƙofa. Ita kuwa dariya take yi, ta ce gara haka, tunda sallamarta ba ta isa kunnensu.

Na san ta ne ta dalilin 'yata ta fari, wadda zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana goye. Idan ƙannenta suka kewaye kakarsu suna sauraron tatsuniya, ita takan zauna gefe tana kallon bakuna suna motsi. In an yi dariya ta yi, don kada a bar ta a baya. Wannan dariyar ta fi kuka ci mini rai.

A garinmu ana taron masu tatsuniya shekara-shekara a babban zauren ɗakin karatu. Tsofaffi su zo daga nesa, malamai su kawo ɗalibai. An daɗe ana yi ba wanda ya tuna da kurame, sai ranar da Malama ta shigo da nata a jere, har da 'yata, ta zaunar da su a sahun gaba. Mai tsara taron ya matso ya ce, "Malama, to me za su ji?"

Ta ce, "Kai dai ba ni wurin tsayuwa inda haske yake."

Tun daga ranar, duk abin da baki ya faɗa a zauren nan, hannunta na maimaita shi. Amma aikin ba ranar taro yake farawa ba. Makonni kafin nan take bin masu tatsuniyar gida-gida su ba ta labarin daga farko har ƙarshe, don hannu ba ya son ba-zata. Wanda ya fi wahalar da ita shi ne wani tsohon mai gyaran takalma da ake ce wa Baba Guguwa saboda saurin bakinsa.

"Baba, ka rage gudu, hannu biyu gare ni," in ji ta.

Ya ce, "Yo Malama, da harshen nan yana da birki, ai da na zauna lafiya da matata."

Inda tatsuniya ke da waƙa, sai ta sa yaran su dafa benci, ta riƙa bugunsa da diddige har waƙar ta shiga tafin hannunsu. Wasu labaran ta sa aka ɗauke ta a waya tana bayarwa, ta raba wa malaman nesa kyauta. Malama, ke ce kika sa 'yata ta dawo gida wata rana ta tsare ni a ƙofa, tana tambayata da hannu ko kada, wanda ta gani a tatsuniya, yana kuka da gaske.

Bana ne taronta na ƙarshe, don sanyin ƙashi ya ci ƙarfin yatsun, kuma ba a sami mai maye gurbinta ba. Baba Guguwa ya ɗauko tatsuniyar yarinyar da kada ya sace wa ƙani. Daidai inda yarinyar ta isa bakin kogi, hannun Malama ya ƙage. Ta yi ta ƙoƙarin buɗe yatsun, suka ƙi. Baba bai lura ba, yana ta zuba. Ƙananan da ke gaba, waɗanda ba su taɓa ganin labarin ba, suka shiga ɗaga hannu suna tambaya: sai me ya faru? An ga yaron?

Sai 'yata, wadda yanzu tela ce da goyonta, ta sauke jaririn ta miƙa mini. Ta fita ta tsaya kusa da Malama. Ba ta jin ko kalma ɗaya daga bakin Baba, amma ta san labarin tun tana ƙarama, daga waɗannan hannuwan da suka tsaya. Ta ɗora daga bakin kogin.

Da Baba ya waiga ya gani, sai ya kama bakinsa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce wa jama'a, "Ku bari ta ƙarasa, ni ma yau in kalla." Jama'a suka zuba wa 'yata ido har yarinyar cikin tatsuniyar ta fito da ƙaninta daga ruwa. Yaran suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, irin tafinsu. Malama ba ta iya ɗaga nata ba, tana zaune suna kan cinyarta, hawaye na sauka a kansu.

Malama, mun gode. Allah Ya huce miki gajiya, Ya sassauta wa yatsun nan.

Sai dai 'yata abin da ta riga ta gani kawai za ta iya bayarwa. Baɗi za a zo da sababbin labarai, kuma sai mai kunne ya tsaya tsakani. Malama ta ce ƙofarta a buɗe take duk Asabar ga mai son koyon maganar hannu, za ta zauna tana gyarawa da baki. Malamai, iyaye, ku je. Ni da furfurata na fara zuwa. Jiya na ba 'yata tatsuniya da hannuna. Ta gyara mini kuskure ba iyaka, amma ba ta tashi ba sai da na kai ƙarshe.