Na Ci Garin Habibu Ranar Ɗaya ga Azumi

Talata: Kano zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ana kiran sallar farko, na fita daga gidana a Gyaɗi-Gyaɗi. Ƙanena ne ya kai ni filin jirgi. Jakata biyu: ɗaya ta tufafi da harami da tsarabar kuka da daddawa, ɗaya kuma ta wata tsohuwar laftof mai nauyin bulo. Mutanen gida sun san Umara zan je, kuma ba ƙarya ba ne. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne bikon aboki zai kai ni Madina.

Sunan abokin nawa Habibu, tun sakandare muke tare. Shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce na buɗe shagon buga takardu, na sayi kwamfuta 'yar gwanjo, muka tarar da wani wasa a cikinta. Taswirar ƙasar Japan ce ta zamanin da, an yanka ta lardi-lardi, kowane sarkin yaƙi da tutarsa da ganuwarsa da mayaƙansa da ake kira samurai. Ba wasan saurin yatsa ba ne, na dabara ne kamar dara. Za ka noma shinkafa don da ita ake ciyar da runduna, ka gina ganuwa, ka tura ɗan leƙen asiri, ka yi zumunci da wannan maƙwabcin kafin ka auka wa wancan. In ka gama naka zagayen sai abokin wasa ya yi nasa. Ni ke da jar tuta a kudu, Habibu shuɗiya a arewa.

Da ya samu karatu a jami'ar Musulunci ta Madina, har daga baya ya zama malami a can, ba mu bari ba. In na yi nawa sai in adana wasan in tura masa ta imel, ya yi nasa ya maido. Mun gama yaƙi biyar, ya ci uku na ci biyu. Na shida muke kai, shekara huɗu ke nan.

Doka ɗaya muke da ita: ba a kai hari a watan azumi, sai noma da gini. To bana an ga wata a Saudiyya kwana ɗaya kafin mu. Ranar da Habibu ya tashi da azumi ni ina talatin ga Sha'aban, ina kurɓar shayina. Na buɗe wasa, ɗan leƙen asirina ya nuna mini Habibu ya kwashe mayaƙansa daga wani gari mai gada da na daɗe ina haɗiyar yawu a kansa, don ya saki jiki da dokar. Na san sarai abin da nake yi. Na tura babban jarumina, wanda muke kira Mai Ƙaho saboda kwalkwalinsa, ya cinye garin. Har da rubuta masa, "Mu nan ba mu ga wata ba."

Daga ranar wasa bai dawo ba. In na kira ba a ɗauka, in na tura saƙo sai a amsa da "Lafiya lau, alhamdu lillah." Wata biyar a haka. Wasa ne, na sani, amma abotar shekara talatin ce nake gani tana zubewa a kan gadar da ko a duniya babu ita.

A wajen bincike a filin jirgi wani jami'i ya ɗaga jakar laftof ɗin ya ce, "Alhaji, wannan kwamfuta ce ko janareta? Kunna ta mu gani." Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da aka nemo mini soket, mutanen bayana suna ta tsaki. Ita kaɗai ce wasan yake yarda ya tashi a kanta, shi ya sa nake lallaɓa ta. Mun tashi takwas da rabi, muka yi kusan awa biyar a sama. Da muka sauka Jidda na ƙara wa agogona awa biyu.

Laraba: Makka

Na sauka a unguwar Misfala, ɗaki ɗaya mu huɗu, duk 'yan gida. Na yi Umarata bayan asuba kafin rana ta yi zafi, na yi aski, na karya da tamis da ful, wato gurasarsu da dafaffen wake, na riyal biyar. Cikin addu'o'ina har da ta Allah ya sanyaya zuciyar Habibu, ko da yake ni kaina na ji kunyar irin laifin da na taho da shi har Ɗakin Allah.

Alhamis: Makka zuwa Madina

Jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe tara daidai, ba jira ba lodi. Tafiyar wajen kilomita ɗari huɗu da hamsin da a da muke kwashe awa shida a bas, ga ta a awa biyu da rabi. Na ajiye kaya a masauki, na samu azahar a Masallacin Annabi, na yi ziyara. Bayan la'asar na ɗauki laftof da tsaraba na tare tasi zuwa unguwar Harra ta Yamma, inda na san gidan Habibu tun zuwana na shekara shida baya. Ban sanar da shi ba, don ina tsoron ya ce kada in zo.

Direban wani dattijo ne mai furfura, Ammu Salihu. Ina gwada masa guntun Larabcina ya dube ni ta madubi ya ce, "Ya Hajj, yi Hausarka, khalas. Jaddina, wato kakana, daga Katsina ya taho da ƙafa, shekara bakwai a hanya. Ni hina, a nan Madina, aka haife ni." Muka shirya a riyal talatin.

Da muka isa na ce ya jira ni, na hau bene hawa uku ina haki, na ƙwanƙwasa, wani baƙo ya buɗe. Na sauko wajen mai kantin ƙasan benen, ya ce Ustaz Habib ya tashi tun Shawwal, ya koma unguwar Ranuna. Wato fushin ya kai har ya canza gida bai faɗa mini ba. Na kira lambarsa ba tare da na sa rai ba, sai matarsa, Ummu Anas, ta ɗauka.

"Alhaji Lawan? Kana ina? Na ga lambar nan ce."

"Hajiya, ina ƙofar tsohon gidanku."

Ta ce, "Ya hana ni faɗa wa kowa. Amma tunda ka zo, ka zo. Ba wa sawwag ɗin, direban da ya kawo ka, in yi masa kwatance."

A hanya na kasa riƙe bakina, na kwashe labarin gada da ganin wata na faɗa wa Ammu Salihu. Bai yi dariya ba. Mun wuce Masallacin Ƙuba ke nan ya ce, "Ya Hajj, wanda ya bar hawa na uku ya koma ɗakin ƙasa, ba fushi ne ya sauko da shi ba."

Ranuna

Minti ashirin da biyar muka yi. Gidan ƙasa ne, an yi wa dokin ƙofar gangare da siminti. Na tarar da Habibu a falo cikin keken marasa lafiya. Ya rame, bakinsa ya karkace, hannun damansa na kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi ranar biyu ga azumi, yana dawowa daga sallar asuba. Ya yi wata ɗaya a asibiti. Ya hana a sanar da gida don ba ya son a yi ta kira ana yi masa jaje. Saƙonnin "lafiya lau" duk Ummu Anas ce take rubutawa.

Ban san sanda na durƙusa gabansa ba. Na yi kuka sosai, ni da gemuna, na ce, "Malam, ka yafe mini. Ni duk zatona fushi kake yi da ni a kan garin nan. Ashe kana kwance ina can ina lissafin shirme."

Maganarsa a hankali take fita, kalma-kalma, sai ka kasa kunne. Ya ce, "Laifi kam... ka yi."

Na ɗago na ga idonsa yana dariya. Sai halina ya motsa. Na share fuska na ce, "Amma Malam, ku malamai kun ce akwai saɓani, kowace ƙasa da ganin watanta."

"Garin... a ƙasata yake. Watana... ne ke aiki."

Ya kayar da ni a fiƙihu kamar yadda ya saba. Sannan ya kalli jakar laftof da ke gefena ya ce, "Ita ce? Gobe... bayan Juma'a."

Juma'a

Na koma ƙarfe biyu da rabi. Ummu Anas ta yi tuwon shinkafa da kukar da na kawo, Habibu ya ci da cokali a hannun hagu, yana zubarwa yana ƙin a taimaka masa. Aka kawo shayi da na'ana'ar Madina, na jona laftof, ta yi gurnaninta ta tashi. Wasan yana nan inda na bar shi, zagayen Habibu ne.

Ya ce wata biyar ɗin nan da yake kwance, in ana murɗa masa ƙafa a wajen gashi, runduna yake jerawa a kansa don ya manta da zafin. Shiri ya gama tuntuni, hannun da zai aiwatar ne babu. "Ka zama... hannuna," in ji shi.

Tun muna shago, in ɗaya yana nasa ɗayan juya baya yake yi, kada ya ga sirrin ɗan'uwansa. Yau ga ni zaune ina kallon rumbunansa da 'yan leƙen asirinsa, har da wani da ya shekara biyu a cikin fadata ban sani ba. Na ce, "Malam, ai na ga komai." Ya ce, "Ka gani... ba ka gani ba."

Ya fara ba da umarni. 'Yan mashi su haura kogi ta mashigin sama. 'Yan bindiga su hau tudun da ke kallon gada. Mahaya su zagaya ta baya su toshe hanyar kudu. Abin da a da yake yi a minti goma ya ɗauke mu awa ɗaya da rabi, gumi yana keto masa saboda wahalar magana. Na ji tausayinsa ƙwarai. Na cire hannuna daga maus na ce, "Malam, ka huta haka. In zagayena ya zo zan janye, in bar maka garinka. Kai, wannan yaƙin ma duka na bar maka."

Ya daki hannun keken da hagunsa, har kofin shayi ya girgiza. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Likita... tausayina yake ji. Ɗalibaina... tausayina. Matata... tausayina." Ya tsaya ya ja numfashi. "Kai... ka yaƙe ni, Lawan. In za ka sassauta... kada ka turo."

Na mayar da hannuna, na ƙarasa jera masa runduna yadda ya ce, ban rage ko mutum ɗaya ba. Na danna hari da yatsana a kan garina. Kwamfuta ta yi lissafinta, ta nuna jar tuta ta faɗi a kan gada, Mai Ƙaho ya mutu da shi da mutanensa. Shekara huɗu ina renon jarumin nan, kuma wallahi na ji zafin rasa shi har raina. Na ce, "Kai, Malam, ba ka da imani!"

Habibu ya yi dariya da rabin bakinsa, har da tari, hawaye na zuba. Ummu Anas ta ɗaga labule ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Alhaji, rabona da jin wannan dariyar tun Sha'aban."

Asabar

Ammu Salihu ya ce zai kai ni Badar, kilomita kamar ɗari da hamsin, in ga wurin tarihi in sayi dabino a gona. Na ce sai wani zuwan. Maimakon haka muka zagaya shaguna huɗu har na samo wani maus mai ƙatuwar ƙwallo a sama, wanda ake juyawa da yatsa ba sai an ja shi ba. Na saita masa a tsohuwar kwamfutarsa ta ɓangaren hagu. Muka wuni yana koyo, kibiyar tana zille masa yana zaginta da Larabci. Da zan tafi bayan magariba ya riƙe hannuna da hagunsa ya daɗe bai saki ba.

Lahadi: Madina zuwa gida

Na yi bankwana da Masallacin Annabi bayan asuba, jirgin ƙasa ya kai ni Jidda, jirginmu ya tashi da azahar. Na shiga gidana ana kiran magariba, na tarar da kowa lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Allah ya saka wa Ammu Salihu, ya ba Ummu Anas ladan haƙurinta.

Washegari na yi zagayena da duk ƙarfina na tura. Kwana goma sha biyu ina duba imel kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, sannan wasa ya dawo. Shi ya yi da kansa. Na buɗe na ga komai ya tsaru, sai abu ɗaya: rundunar maharbansa tana tsaye ita kaɗai a wani fili, lardi ɗaya gaba da ganuwar da kowane mai hankali zai sa ta. Ba tarko ba ne, na san Habibu. Hannunsa ne ya goce.

Na daɗe ina kallon su, shayina ya huce a gefe. Sannan na tura mahayana suka gama da su, ko ɗaya bai tsira ba. Na adana na aika, ban rubuta komai ba, idona cike da ƙwalla.

Da yamma saƙon murya ya shigo, na farko da ya turo mini tun kafin azumi. Na ji numfashinsa ya daɗe yana haɗa kalmar. Ya ce, "Mugu." Sannan ya ƙara da cewa, "Na gode, Lawan. Allah ya saka... da alheri."